Jirgin Taki da Jakin Taki: Abin da Garin Aveiro Ke Faɗa wa Manomin Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, a ƙarshen rani kafin hadarin farko ya haɗu, zai ga gonaki an share su fes, an jera musu 'yan tsibi-tsibin taki baƙaƙe kamar an ɗiga tawada a kan allo. Mu da aka haifa a wannan yanki mun san yadda kowane tsibi ya iso wurinsa. Wani daga turken awaki aka kwaso shi, wani daga garken shanu, wani kuwa tokar murhu ce da sharar tsakar gida ta shekara guda. Ina yaro, tun rana ba ta yi zafi ba mahaifina zai ɗora wa jaki mangala, ya cika ta taf, ya miƙo mini sanda. In na yamutsa fuska saboda wari sai ya ce, "Kai yaro, abin da kake toshe wa hanci shi ne tuwonka na baɗi."

Maganar nan ta faɗo mini a rai a inda ban taɓa zato ba, a bakin ruwa a garin Aveiro na ƙasar Fotugal. Wata hidima ce ta kai ni birnin Porto, yini ɗaya ya rage mini kafin na juyo, aka ba ni shawarar in shiga jirgin ƙasa in yi tafiyar kamar awa guda zuwa kudu, in ga garin da masu tallan yawon buɗe ido ke kira Venis ta Fotugal. Na je da niyyar kallon ruwa da gidaje masu ado. Na dawo da tambaya: me ke sa mutane su tsallaka ƙasashe don ganin wani gari, kuma me ke samun sana'ar da ta gina garin idan kallo ya maye gurbin aiki? Tambayar ta shafe mu fiye da yadda za a ɗauka da farko.

Garin da yashi ya kusa kashewa

Aveiro na gaɓar Tekun Atlantika, kimanin kilomita 70 kudu da Porto, kuma mutanen ƙaramar hukumarsa sun kai wajen dubu 80. Ba a bakin teku kai tsaye yake ba. Tsakaninsa da teku akwai wani makeken tafki marar zurfi da suke kira Ria, mai tsawon kusan kilomita 45, inda ruwan kogin Vouga ke gauraya da ruwan gishiri. Wani siririn tudun yashi ne ya raba tafkin da teku, ya bar ƙofa ɗaya tak da ruwa ke shiga da fita. Rayuwar garin gaba ɗaya a kan wannan ƙofa take rataye.

Takarda mafi tsufa da ta ambaci wurin ta shekarar 959 ce, kuma tare da filayen gishiri ta ambace shi. Da gishiri da kifi garin ya yi arziki. Jiragensa kan je har ruwan Newfoundland da ke Kanada a yau su kamo kifi, su adana shi da gishirin gida. Yana ma da alaƙa da ƙasarmu: João Afonso de Aveiro, matuƙin jirgin da ya isa masarautar Benin wajen 1485, sunan garin nan yake ɗauke da shi.

A 1575 wata guguwa mai ƙarfi ta turo yashi ta toshe ƙofar tafkin. Daga nan ƙofar ta riƙa buɗewa tana rufewa, tana matsawa daga wuri zuwa wuri, har sama da shekara 200. Jirage suka daina shigowa. Ruwa ya kwanta ya ruɓe, filayen gishiri suka lalace, zazzaɓi ya yi ta kwasar mutane, masu ƙarfi suka yi ƙaura. Sai ranar 3 ga Afrilu, 1808 aka buɗe sabuwar ƙofa da hannun ɗan'adam, aikin da injiniyoyi Reinaldo Oudinot da Luís Gomes de Carvalho suka tsara, aka daddatse gefenta da duwatsu don kada ta sake gushewa. Daga ranar garin ya fara farfaɗowa. A 1893 aka kunna hasumiyar fitila a bakin ƙofar, mai tsawon mita 62, wadda ta fi kowace tsawo a ƙasar.

Darasin farko ke nan, kuma manomin lambu ya riga ya san shi: ruwa mai tafiya shi ne arziki, in ya tsaya ya zama cuta. Garin da baƙi ke ɗaukar hoto yau yana nan ne domin wasu mutane sun ƙi yarda hanyar ruwansu ta mutu.

Jirgin da aka sassaƙa domin gona

Abin da kowane baƙo ke fara yi a Aveiro shi ne shiga jirgin da ake kira moliceiro. Dogo ne, kusan mita 15, gindinsa shimfiɗaɗɗe don ya iya ratsa ruwan da bai kai ƙugu ba, goshinsa kuma ya lanƙwaso sama kamar ƙahon bijimi. A gaba da baya an yi masa zane da fenti mai haske: waliyyan addininsu, sojoji, masunta, wani lokaci da barkwanci mai nauyi wanda mai tafiya da iyali zai so ya kawar da ido. Zagayen kan ɗauki kamar minti 45, a bi ta babbar hanyar ruwa ta tsakiyar gari, a wuce ƙarƙashin ƙananan gadoji, a leƙa hanyar São Roque inda tsofaffin rumbunan gishiri na katako suke, a dangana da tsohuwar masana'antar jan bulo da ta koma zauren taro.

Muna cikin tafiya mai jan ragamar jirgin ya nuna wani hoto na da. Mutum biyu ne tsaye a jirgi irin wanda muke ciki, ƙafa ba takalmi, wando a naɗe, suna jan wani dogon manjagara na katako daga ƙasan ruwa. Jirgin ya cika da baƙar ciyawa har ruwa na neman shafar bakinsa. Ya ce sunan ciyawar moliço, daga gare ta jirgin ya samo suna, kuma gona ake kai ta. Sauran fasinjoji suka gyaɗa kai suka koma ga wayoyinsu. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na gane abin da nake zaune a ciki. Jakin taki ne, sai dai nasu a ruwa yake tafiya.

Ƙasar da ke kewaye da tafkin rairayi ce, ta fi jigawarmu rashin ƙarfi. Manoman wurin suka gano cewa ciyawar ƙasan ruwa da gansakuka, haɗe da laka da ƙananan halittun da ke maƙale a jikinsu, in aka baza su a kan yashi suka ruɓe, suna ba shi jiki, su sa ya riƙe danshi. Shekara bayan shekara, jirgi bayan jirgi, suka mai da yankin da ake kira Gafanha daga fako zuwa gonakin masara da dankali da wake da kayan lambu. Ɗaruruwan jirage ne ke wannan aiki a farkon ƙarni na 20, kuma bayan kowane jirgi akwai masassaƙi, da mai fenti, da mai ɗinka filafilai, da mai amalanken shanu da ke jira a bakin gaɓa.

Daga tsakiyar ƙarnin sana'ar ta fara ja da baya. Takin zamani ya shigo cikin buhu, mai sauƙin ɗauka. Samari suka tafi masana'antu, wasu suka tsallaka Faransa da Amurka da Benezuwela neman kuɗi. Yau jiragen da ke zagaye cikin gari inji ne ke tura su, mutane suke ɗauka, kuma masassaƙan da suka iya ƙera irin na asali ba su da yawa.

Haka labarin gishiri yake. Tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tsakiyar gari akwai filin Troncalhada, wanda aka mayar gidan tarihi a sarari. Ana shigo da ruwan teku cikin jerin fangalai na yumɓu marasa zurfi, kamar fangalan albasa, yana wucewa daga wannan zuwa wancan, rana da iska suna shanye shi har gishiri ya kwanta. Mai aikin, wanda suke kira marnoto, ya tattara shi da abin katako ya tara dala-dala farare tas. Lokacin kwasar gishirinsu shi ne tsakiyar daminarmu, daga Yuli zuwa Satumba. A da filayen sun haura 200, yanzu waɗanda ke aiki ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Bakano da ya tsaya a wurin dole ya tuna karofin Ƙofar Mata, inda rijiyoyin rini suke birjik amma kaɗan ne ke da baba a ciki.

Namu tafkin shi ne birni

Abin da ya sa hoton nan ya taɓa ni shi ne mu ma da irin wannan dabara muka rayu. Ƙasar da ke kewaye da Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa zuwa Dawakin Tofa da Bichi, tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma ruwan sama watanni huɗu zuwa biyar kawai take samu. A wurare da yawa na Afirka manomi kan bar gona ta huta shekaru kafin ya dawo mata. A nan babu filin yin haka. Gona ɗaya ake nomawa kowace shekara, daga kaka zuwa jika, kuma ba ta mutu ba.

Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya kuma bayyana wa duniya sirrin da iyayenmu suka ɗauka abu ne na kullum. A wancan zamani jakuna kan shiga birni da safe ɗauke da itace da hatsi da kara, su fito da yamma da mangala cike da sharar birni da toka da kashin dabbobi. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yanko musu ciyawa, takinsu ya taru wuri ɗaya. Ana shuka gero da dawa a surka da wake da gyaɗa, waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu kuma ta koma bakin dabba, ta sake dawowa gona a matsayin taki. Ga gawo a tsakiyar gona, wanda ke zubar da ganye da damina don kada ya yi wa shuka inuwa, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman abin ci. Ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya, kowace da mai ita da ranar amfaninta. Mutanen Aveiro tafki suka tatsa suka ciyar da yashi. Mu birni da turke muka tatsa.

Kuma baƙi sun daɗe suna zuwa kallon wannan aiki. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano ta hanyar Katsina a Fabrairun 1851, ya kuma rubuta yabo mai yawa a kan albarkar ƙasar da yawan garuruwanta da masaƙanta da marinanta. Abin da ya burge shi aikin hannun talakawa ne.

Yau wannan zagaye yana tsinkewa. Sharar birni ta cika da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura, manomi ya sayi tifa guda ya kwana biyu yana tsince ta, abin da ya tsere masa kuma ya toshe ƙasa ko akuya ta haɗiye. Jakuna sun yi ƙaranci sun yi tsada. Gonakin da ke kusa da birni ana yanka su fuloti. Takin zamani, wanda aka ce zai hutar da mu, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona, kuma duk manomi ya san shi kaɗai ba ya gina ƙasa: yana ciyar da shukar bana, takin gida kuwa yana ciyar da gonar kanta. A nan ne bambancinmu da Aveiro yake da girma. Su sun bar sana'ar ciyawar ruwa bayan sun samu masana'antu, da tashar jiragen ruwa, da jami'ar da aka kafa a 1973, da kasuwar Tarayyar Turai. Mu in muka bar namu jakin ya faɗi, babu abin da ke tsaye a bayansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyoyin ruwanmu

Wani zai ce ina ruwan arewacin Kano da garin da ake yawo a jirgi. Amma muna da ruwa. Shirin gina madatsun ruwa da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, bai tsaya a Bagauda da Tiga ba. Ya bar mana Watari a Bagwai, da Tomas a ƙasar Dambatta, da madatsar Gari, da madatsar Jakara a Wasai ta Minjibir. A ƙarƙashin Watari akwai magudanan ban-ruwa da ke kai ruwa fangalan shinkafa da tumatir da albasa da masara, kuma saboda su dubban samari da da can za su tafi cin rani suna zaune a gida suna noman rani.

Sai dai ƙofar ruwanmu ma tana toshewa, a hankali, ba da guguwa ɗaya ba. Yashi na gangarowa daga gonaki yana cike madatsu. Magudana na tsagewa, ciyawa na cinye su, na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya kwana yana jiran abin da ba zai iso ba. Can gabas, a fadamun Hadeja da Nguru, kacalla ta shaƙe hanyoyin ruwa har ta raba garuruwa da gonakinsu da wuraren kamun kifinsu. Kogin Jakara kuwa, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Kano kusa da kasuwar Kurmi, ya zama mai kwasar dattin gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zube a Wasai, inda ake kama kifi ake kuma shayar da lambu.

Jirgin ruwa a wurinmu ba abin ado ba ne. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari ɗauke da mutanen ƙauyen Badau da ke kan hanyar Bagwai zuwa taron Mauludi, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu da rahama. A Aveiro na ga kowane jirgi da adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka, ba a ƙara ko ɗaya. Duk maganar jawo baƙi zuwa ruwanmu da ba ta fara da lafiyayyen jirgi da rigar ruwa ga 'ya'yanmu ba, an fara gini ne daga rufi.

Abin da baƙo ke zuwa gani

In aka tattara abubuwan da ke kai mutane Aveiro, za a ga babu ko ɗaya da aka ƙirƙira domin baƙi. Hanyoyin ruwa an haƙa su ne don dakon gishiri da kifi. Gidaje masu ratsin ja da shuɗi na Costa Nova da ke kusa da garin, da ake rububin ɗaukar hoto a gabansu, asalinsu ɗakunan ajiyar komar masunta ne. Alewar garin da ake kira ovos moles, gwaiduwar ƙwai da sukari a cikin ɓawo siriri mai siffar kifi ko ƙwaryar dodon koɗi, daga ɗakin girkin mata masu zaman ibada ta fito, kuma a 2009 Tarayyar Turai ta ba ta kariyar suna, ta yadda ba mai sayar da wata da wannan suna sai an yi ta a yankin bisa ƙa'idarsu. Ka kwatanta da kilishinmu da ƙuli-ƙuli da alkaki da dakuwa, waɗanda kowa ke yi yadda ya ga dama, babu wanda ke tsaye a kan sunansu.

Mun taɓa gwada ɗaya hanyar, wato gina wa baƙi wuri a bakin ruwa. Otal ɗin tafkin Bagauda ya yi tashe a zamaninsa, yau harabarsa reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ce. Gini kaɗai ba ya riƙe baƙo. Abin da ke riƙe shi rayuwar mutanen wurin ce: masaƙan Minjibir a bakin aikinsu, kasuwar hatsi ta Dawanau da motoci ke lodi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, kara ta Dambatta ranar kasuwa, masunta na jan koma da asuba a Tomas, gonakin kaka da dammunan gero a jingine. Hawan Sallar Kano ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2024, amma dawakin hawa ma da harawa da dawar waɗannan ƙauyuka suke rayuwa.

Baƙonmu na farko kuma ba daga Turai zai zo ba. Yaron Fagge ne ko na Gwale da bai taɓa ganin yadda ake huɗa ba, yake zaton shinkafa a buhu take tsirowa. Makarantun birni za su iya kai ɗalibai Watari su ga yadda ake sakin ruwa, su tsaya a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, su zauna a gindin gawo wani dattijo ya yi musu bayanin abin da ya sa ba a sare shi. Kuɗin da za su kashe a hannun mai abinci da mai jirgi da masaƙi zai tsaya.

Kafin a kai can akwai aikin da ba ya jiran kowa. A ware leda daga shara tun daga gida da kasuwa, domin takin birni ya koma abin da manomi zai karɓa da farin ciki. Ƙungiyoyin masu ban-ruwa su dawo da gayyar yashe magudana kafin kowace kakar rani, hukuma kuma ta ɗauki gyaran da ya fi ƙarfin gayya. A bar gawo da kuka a gona, a bar 'ya'yansu su girma. Ciyawar da ke toshe mana ruwa a gwada tara ta a ruɓar da ita a kai gona, tunda wasu sun yi ƙarnuka suna gina ƙasa da irinta.

Ga wanda Allah Ya nufa da zuwa Fotugal, shawarata ya ba Aveiro yini cikakke. Ya shiga jirgin, amma kada ya tsaya nan. Ya taka zuwa filin gishiri, ya ratsa unguwar masunta ta Beira-Mar, ya nemi gasasshen kifi tunda naman alade ya yi yawa a abincinsu, ya kuma tambayi mai jirgi abin da kakansa ke ɗauka a ciki.

Da na dawo gida an fara sharar gona. Na tarar da ƙanena yana sauke taki daga kurar shanu, ɗansa na gefe ya toshe hanci da gefen riga. Na nuna wa yaron hoton jirgin a waya, da fentinsa da lanƙwasasshen goshinsa, na ce masa mutane na biyan kuɗi daga ƙasashe masu nisa don su zauna a cikinsa. Ya tambaye ni na sarki ne. Na ce a'a, na taki ne, irin wannan da ke gabanka, sai dai su nasu ya daina zuwa gona. Ya dubi hoton, ya dubi kurar, ya saki rigar, ya ɗauki shebur.